Sunayen da Na Bari a Bayan Labule

Kwana uku ke nan kunnena bai huta ba. Tun da aka ce wata yarinya tamu ta ciwo gasar waƙa a wata ƙasa mai nisa, ƴan kabu-kabu suka mai da titin gada filin wasa, daga tasha zuwa bakin duwan, wurin ƴan kwastan na iyaka, daga bakin duwan zuwa tasha, oda kawai suke dannawa kamar an ce musu mai ya zama kyauta. Jikata ta kawo mini salula, wayar hannun nan, har kan tabarma, wai in ga yarinyar. Na gani. Kyakkyawa ce, muryarta ma ba laifi, Allah ya ƙara mata. Na tambaya yaya aka yi aka zaɓe ta cikin dukan ƴaƴan ƙasar nan, jikar tawa ta ce ai lamba aka yi ta dannawa, wadda aka fi danna wa ita ta tafi. To, madalla. Sai ta ce, "Kaka, ke ma an ce kin taɓa ciwo irin wannan, don me ba kya ba mu labari?" Na ce ta ɗauke mini abin nan daga fuska, idona na ciwo. Idon lafiyarsa lau, maganar ce ba na so. Ga shi ta tashi ta yi tafiyarta, ta bar ni ina ta juya ta ni kaɗai.

Garin Gaya da na tashi a cikinsa ba wannan ba ne. Yanzu ƙugin kamiyo, manyan motocin kaya, ke tashin mutum da safe, sun yi layi daga gada har inda ido ya gaji, hayaƙinsu ya shiga miya ya shiga fura. A lokacinmu ruwa ne ke tashin mu. Ladan bai gama sauke murya ba za ka ji filafili na taɓa kogi, masunta sun dawo daga duba taru, suna kiran juna daga jirgi zuwa jirgi, kowa ka san shi da muryarsa. Sai taɓarya ta fara a maƙwabta, ta gidanmu ta amsa mata, kafin rana ta ɗaga unguwa duka ta ɗauka. Mu yara mata aikinmu ba ya ƙarewa. A ɗebo ruwa, a kai wanke-wanke bakin kogi a goge tukwane da yashi, a dawo a zauna gaban tulin tarwaɗa da karfasa ana farkewa ana kwashe hanji har yatsu su yi fari su tattare. Ƙarnin kifi kuwa ko sabulun Dahome bai iya fitar mana da shi ba. Ƴan cikin gari da shi suke yi mana tsiya, mu kuma mu ce in ba don shi ba da miyarsu ta zama ruwan zafi. A gidanmu da Dandanci, yarenmu na bakin kogi, ake faɗa, da Hausa ake ciniki, waƙa kuma da duk wanda ya zo baki. Ba na cewa daɗi muka sha. Wahala ce, bayana har yau yana tuna mini. Amma aikin da murya ake yin sa. Yanzu kowace yarinya ta toshe kunne da waya tana wanki ita kaɗai, sai ka yi kira uku kafin ta waigo.

Muryar unguwarmu kuwa Gwaggo ce, yayar babana. Mijinta ya rasu tun ban san kaina ba, ba ta da ɗa a raye, ta dawo gidan ƙanenta ta gina banda uku a bayan ɗaki, tana ƙyafe kifi tana kai wa kasuwa. Doguwa ce, baƙa, idonta kullum ja saboda hayaƙi, faɗanta kuwa ko Baba ba ya tsayawa ya ji ƙarshensa. In kika bar kifi ya ƙone sai ta ce, "Ke hancin nan naki na ado ne?" Ni kaɗai take ɗan sassauta wa, don sunan mahaifiyarta aka sa mini. Ba ta taɓa kama sunana ba, Uwata take ce mini. Ko mari za ta zabga mini sai ta ce, "Uwata, matso nan." Duk bikin da za a yi, a wannan gaɓa ko a waccan, Tunuga ko Malanbil, ba a kifa ƙwarya cikin ruwa sai ta zo. Jirgi ake aiko mata, mu shiga mu ƙetare, ba wanda ya taɓa tambayarmu takarda. Ni ke ɗaukar mata ƙwarya da ƴan sandunan kiɗa.

Waƙoƙinta da yawa, amma ɗaya ce ta gado, wadda muke ce wa waƙar ƙetare, ita ake yi wa amarya in za a sa ta a jirgi a kai ta gidan miji. Waƙar tana da ƙa'idarta. Ba a fara ta da kiɗa. Mai waƙa za ta dafe ƙwarya ta hana ta motsi a kan ruwa, ta ja murya a hankali ta kira matan da waƙar ta bi ta bakinsu kafin ta iso gare ta, ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunanta na yanka da abin da aka san ta da shi. In ta kira ɗaya sai ta dakata, matan wurin su amsa baki ɗaya, "Allah ya jiƙan ta." Sannan ta kira ta gaba. Su shida ne, ta shidan ita ce mahaifiyar Gwaggo. Sai an gama da su sanda za ta faɗa kan ƙwarya, guɗa ta tashi, a shiga rawa. Ku sani, a wurinmu mace ba ta kama sunan uwarta ko kakarta, ko a bayan idonsu, ko bayan ransu. Cikin waƙar nan kaɗai aka yarda, kuma ga mai gadon waƙar kaɗai. Ƴan amshi nasu amsawa, ba su riƙe sunan, ba su maimaita shi, rashin kunya ne. Matan nan shida ba su da kabarin da aka sani, kogi ya daɗe da cinye tsohuwar maƙabartarmu, kuma ba takardar da aka rubuta su. In ba a kira su ranar biki ba, to, ba inda ake kiran su.

Gwaggo ba ta zaunar da ni ta ce yau zan koya miki ba. A gaban banda muke muna juya kifi, hayaƙi na sa mu hawaye, sai kawai ta ja ta farko, ta ce, "Maimaita." Kunya ta kama ni, na ce, "Gwaggo, sunan manya fa." Ta ce, "Na ba ki izini. Maimaita, kada ki ɓata mini lokaci." Haka muka yi ta yi damina guda. Ba zan faɗa muku sunayen a nan ba, ba waƙa nake yi ba. Amma ta farkon ita ce ta ƙetare kogi da goyo a baya shekarar da ruwa ya ci gari. Ta biyun ta ciyar da unguwa da busasshen kifi lokacin wata yunwa. Ta ukun makauniya ce, amma an ce daga jin bugun filafili take faɗin wanda ke cikin jirgi. Ban riƙe su da kai ba, da baki na riƙe su. In ɗaya ta fito ita ke jawo ta gaba, ba sai na yi tunani ba.

Ina budurwa aka shigo da zancen gasar samari. Kowane gari ya fitar da ƙungiyoyi a kara a gida, wadda ta ci ta tafi Doso, daga Doso sai Yamai. Mai haɗa tamu wani malamin lakwal ne, wato makarantar boko, Mushe kawai muke ce masa, siriri mai tabarau, mutumin kirki, ba zan ɗora masa abin da ba nasa ba. Ya ji ni ina yi wa Gwaggo amshi a wani biki, ya zo har gida ya durƙusa. Baba ya ce shi ɗiyarsa ba za ta hau dandali maza na kallo ba, kuma waƙar ma ba tasa ba ce balle ya bayar. Gwaggo na bakin banda, ko juyowa ba ta yi ba, ta ce, "Mushe, a Yamai ɗin nan su wa za su ji?" Ya ce, "Inna, ƙasa duka, ta rediyo." Ta ci gaba da juya kifinta har na ɗauka ta manta da shi. Can ta ce da ni, "Uwata, ki tafi da ita duk inda ƙafarki ta kai. Abu ɗaya na ce, ki kira su." Na ce, "To, Gwaggo." Ta ce, "To ɗin nan na ji shi, Mushe ya ji, Allah ma ya ji." Baba ya kaɗa riga ya fita, ya san magana ta ƙare.

Muka ci a Gaya, muka ci a Doso. A bayan kamiyo muka tafi Yamai, mu goma sha biyu, muka isa kowa ƙugunsa ba nasa ba. A can na ga abin da ban taɓa gani ba, mutanen gabas da algaitarsu, na arewa da rawunansu da gita, wasu da goge, wasu da ganguna har sai an ɗauka mutum biyu-biyu. Mu kuwa ƙwarya biyu da bahon ruwa. Da muka hau dandali muna rangaji da bahon, wallahi dariya aka yi mana, na ji wani yana cewa ga ƴan wanke-wanke sun ɓata hanya. Na durƙusa, na dafe ƙwarya, na kira ta farko. Ƴan matana suka amsa. Na kira ta biyu, wurin ya yi tsit. A ta uku wasu tsofaffi daga cikin ƴan kallo suka amsa tare da mu, kafin in kai ta shida zauren duka ke amsawa, har alƙalai na ga bakinsu na motsi. Mu aka zaɓa mu wakilci ƙasa a gasar ƙasashe. Ƙanwata ce ta ba ni labarin gida daga baya. Ta ce a rediyon tela na bakin hanya suka ji, da sunan mahaifiyar Gwaggo ya fito, jama'a kamar ruwan sama suna nema mata rahama, sai Gwaggo ta zauna a ƙasa ta ja mayafi ta rufe kai. Da ta buɗe ta ce, "Yau Inna ta shiga Yamai." Ranar banda guda ta ƙone ƙurmus, ba ta yi wa kowa faɗa ba.

Ba a bar mu mun koma gida ba, aka riƙe mu a Yamai muna shiri. Nan ne wani babba daga biro, wato ofishin gwamnati, ya zo, da agogo rataye a wuyansa, irin wanda ake dannawa ya tsaya. Ya sa muka yi waƙar daga farko har ƙarshe, ya danna, ya girgiza kai. Ya ce, "Madmazel, a can minti huɗu ake ba kowace ƙasa. Taku ta wuce shida. In kika wuce, kashe makirfo za su yi su cire mu." Ya tambaya kiraye-kirayen nan na farko su wane ne, na ce iyayen waƙar ne. Ya ce, "Allah ya jiƙan su. Amma alƙalan can ba Hausa suke ji ba, ba Dandanci ba. Minti biyu da rabi za su zauna suna kallon yarinya ta dafe ƙwarya?" Mushe ya yi iya ƙoƙarinsa. Aka gwada rage wurin rawa, sai ya zama ba abin da ya saura sai baiti ɗaya. Aka gwada in kira su da sauri ba dakatawa, sai ya fito kamar kiran suna a lakwal, ni da kaina na ce a'a. Mai agogo ya ce ba dole, ƙungiyar da ta zo ta biyu a shirye take, tasu minti uku da rabi ce cif, in yi shawara zuwa gobe. An riga an ɗinka mana anko, an ɗauke mu hoton fasfo. Ƙawata ta kama zanina tana kuka, ta ce, "In kika ƙi, mu duka kika mayar bakin banda." Mushe ya cire tabarau yana gogewa, ya ce, "Ni na ji alkawarin da kunnena, ba zan ce ki karya ba. Ke ce mai waƙa." Kai, da ma ya tilasta mini, da yau ina da wanda zan nuna. Babu salula a lokacin, wasiƙa sai ta yi mako a hanya, amma kada in ɓoye a bayan wannan. Ban so in tambayi Gwaggo ba don na san amsar. Jirgin sama nake son shiga, ga gaskiyar. Sai na ƙulla wata dabara a raina: ai cewa ta yi in kira su, ba ta ce da ƙarfi ba. Zan kira su a hankali kafin in fita. Kuma ƙasar nan da nisa, wa zai ji?

Ƙasar ba abin da na riƙe nata sai sanyi da abinci marar yaji. Ranar gasa aka jera mu a bayan wani labule mai kauri, ana jin jama'a a ɗaya gefen. Na tsuguna, na dafe ƙwarya, na kira su cikin raɗa, su shida, ban tsallake ko ɗaya ba. Ƴan matana na can suna gyara ɗankwali, wata Baturiya da takarda a hannu tana ta turo mu gaba. Aka ja labule. Na ɗaga sanda na sauke ta kan ƙwarya kai tsaye, abin da ba a taɓa yi wa waƙar nan ba tun da aka halicce ta. Guɗa ta tashi, muka yi rawa kamar ƙafafun ba namu ba. Muka gama da sauran daƙiƙa goma. Mutane suka miƙe tsaye suna tafi ba su san me muka ce ba. Da aka zo faɗin sakamako, sunan ƙasarmu aka kira. Aka ɗaga tuta, aka sa taken ƙasa, mai agogo ya rungume Mushe yana kuka kamar yaro, aka ɗora mini kofi a hannu. Na yi murna, ba zan yi muku ƙarya ba. A ranar nan ban tuna da kowa ba.

Abin da ban sani ba, an ɗauki waƙar a faifai an aiko gida, aka yi shela za a sa ta a rediyo bayan la'asar. Gwaggo ta aika ƙetare, ta aika Tunuga. Ta soya kifi, ta dama fura, ta saya wa rediyon tela sabbin pil, wato batir, aka shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya. Tsofaffi suka zo cikin jirage, har da aminiyarta, wata ƴar guntuwar tsohuwa daga Tunuga da suka yi wasan ƙasa tare. Gwaggo ta ce musu, "Yau Turawa za su nema wa Inna rahama. In yarinyar ta kira, mu ma mu amsa daga nan." Mai magana ya yi ta surutunsa, sannan ya ce ga ta nan. Tsofaffi suka gyara zama, baki a shirye. Sai suka ji sanda kan ƙwarya, guɗa ta biyo. Aminiyar ta ce ko rediyon ne ya cinye farkon, tela ya ɗauka ya girgiza, ya murɗa, ya ce shi rediyonsa ba ya cin komai. Kafin nan an faɗi cewa mun ci, samari sun ɓarke da ihu, yara na tsalle a kan tabarmi. Ƙanwata ta ce Gwaggo ta tashi ta raba wa baƙi kifinsu, ta raka su bakin jirgi ɗaya ɗaya.

Tun daga bakin gari aka tarye mu. Kumandan, shugaban gundumarmu, ya zo da kansa, ƴan lakwal da ƴan tutoci, maroƙa, mata na guɗa, har Baba na hango yana murmushi a ɓoye. Na yi ta duba doguwar mace a cikin taron, ban gan ta ba. Da aka sake ni na ɗauki bargon da na sayo mata na zaga bayan ɗaki. Tana gaban banda. Ta ce, "Sannu da hanya, Uwata." Na ce, "Gwaggo, mun ciwo." Ta ce, "Na ji. Muryarki ta fita." Sai na shiga zuba, agogo, minti huɗu, makirfo, ƙungiya ta biyu, ƴan mata na kuka. Tana juya kifi tana saurare. Na ce, "Amma na kira su, Gwaggo, wallahi na kira su, su shida, a bayan labule kafin in fita." Ta ɗago jajayen idanunta ta ce, "Wa ya amsa miki?" Na tsaya riƙe da bargon. Ta ce, "To." Ta karɓi bargon, ta shafa, ta ce yana da kyau, zai yi amfani lokacin sanyi, Allah ya yi albarka. Da ta ce in matso ta mare ni da na fi so. Ta ci gaba da ce mini Uwata, amma ba ta sake cewa in ɗauko ƙwarya ba.

Wata da watanni rediyo ba ya wuni bai sa waƙar ba. Direbobi suka ɗauka, ƴan talla suka ɗauka, har ƙetare yara na yin ta, kuma duk daga sanda suke farawa, don haka suka ji ta. Da rani ya zo aka yi wani biki a unguwarmu. Gwaggo ta durƙusa ta dafe ƙwarya, ta kira ta farko, tsofaffi suka amsa. Ƴan mata suka fara motsi suna kallon juna. Ba ta ƙarasa ta biyu ba wata ta buga tata ƙwaryar, sauran suka ɓarke da amshi. Gwaggo ta ɗaga hannu, aka tsaya. Sai wata yarinya, wadda ni na goya ta a bayana, ta ce da zuciya ɗaya, "Gwaggo, ba haka ake fara ta ba, ki saurari ta rediyo." Aka yi dariya. Gwaggo ba ta dubi yarinyar ba, ni ta duba. Ina wurin, kuma a lokacin duk abin da na faɗa a garin nan ji za a yi, ni ce mai kofi. Kalma ɗaya ta isa. Amma in na ce Gwaggo ce da gaskiya, na ce ke nan abin da na ciwo da shi guntu ne, a gaban kowa. Na sunkuyar da kai ina gyara bakin zani. Ta tsame hannu daga ruwa, ta goge a jikinta, ta miƙa wa yarinyar sanduna ta tafi gida. Daga ranar ba ta ƙara taɓa ƙwaryar kiɗa ba. Ni aka koma aiko wa jirgi, kowa ta rediyo yake so, ni kuma ita nake ba su. Sau biyu na gwada farawa da kira, mutane suka shiga hira, na bari.

Sai rayuwa ta ɗauke ni. Na auri direba, muka zauna Doso, muka zauna Maraɗi, haihuwa, goyo, jinya, mutuwa, abin da kowace mace ta sani. In na zo ganin gida nakan shiga wurinta, in kai mata goro da sabulu, mu yi zancen tsadar itace da yadda kogi ke ja da baya. Kullum ina cewa a raina yau zan ɗauko ƙwarya in dafe a gabanta in kira su, ita kuma ta amsa mini, ko mu biyu ne. Kullum sai in ce gobe. Ba a tambayar sunayen nan da magana, kuma ni ban san akwai abin tambaya ba, na ɗauka suna nan kwance inda ta ajiye mini su. Yaran yanzu komai ɗauka suke a salula, akuya ta yi atishawa sai sun ɗauka sun aika wa juna. Tamu ta Yamai, mai sunaye, kai tsaye aka watsa ta, ba a ɗauka ba. Ta waje ce aka ɗauka, ita ce ta zauna. Mushe da yake rubuta komai a kaye, littafinsa na rubutu, bai rubuta su ba, don na ce masa ba a rubutawa, shi kuma ya girmama maganar.

Gwaggo ta rasu ina Maraɗi, na iso an riga an kai ta. Bayan an share makoki da ƴan watanni aka tashi aurar da ɗiyar ƙanena, mijin a ƙetare yake. A lokacin mutane sun koma kai amarya a mota ta kan gada, amma ƙanena ya ce tasa a jirgi za ta tafi. Da hantsi muka taru a bakin kogi. Aminiyar Gwaggo ta zo daga Tunuga, ta tsufa tukuf, ana riƙe da ita. Ta sa aka ajiye baho da ƙwarya a gabana, ta ce, "Ta bar saƙo. Ta ce duk da haka ke ce." Al'ada ce, in mai waƙa ta rasu, a bikin farko magajiyarta ke ƙara sunanta a ƙarshen kira. Tsohuwar ta daka wa ƴan mata tsawa, ta ce duk wadda ta taɓa sanda kafin a gama za ta gamu da ita.

Na durƙusa, na dafe ƙwarya. Na kira ta farko, aka amsa. Na kira ta biyu, aka amsa. Na kira ta uku, aka amsa, na buɗe baki in bar ta ta jawo ta gaba kamar yadda ta saba. Ba abin da ya fito. Na sake maimaita ta ukun a zuci, na sake buɗe baki. Babu. Ruwan bahon ya yi sanyi a hannuna, amarya na tsaye a lulluɓe, mai jirgi ya dafe sandarsa yana jira. Na bi fuskokin tsofaffin ɗaya ɗaya, duk sun sha jin sunayen nan tun suna yara, amma amsawa aka koya musu, kuma wadda ta sani an rufe ta da ƙasa. Ta huɗu ba ta zo ba, ta biyar ba ta zo ba. Na tsallaka na kira ta shida, wannan ba yadda za a yi in manta, sunana ne. Aka amsa. Sannan na kira Gwaggo da sunanta na yanka, karo na farko a rayuwata, na ce mai banda uku. Aka amsa.

Na ɗaga sanda, sai tsohuwar ta kama mini wuyan hannu. Ta ce, "Biyar muka amsa, ɗiyata. Yau bakwai ne."

Na ce, "Na sani, Inna."

Ta ce, "Sun tafi?"

Na ce, "Sun tafi."

Ta sake ni. Ta juya fuskarta wajen kogi, ita kaɗai, da ƴar muryarta da ta dushe, ta ce, "Allah ya jiƙan ta." Ta dakata daidai tsawon kiran suna guda. Ta sake cewa, "Allah ya jiƙan ta."

Sannan ta ce in buga, amarya na jira.